Ɗaurin Risha a Gaban Suruka

Abu uku ne suka rataya a wuyana a shekarar da aka haifi babban yayanku. Na farko ɗaki. Ba gida nake nufi ba, ɗaki ɗaya mai ƙofa da zan mayar da uwarku Sa'adiyya idan ta yi arba'in, domin a lokacin ba ni da shi. Na biyu sunan kakarku Hajja Batula a bakin masuntan Ruwais, unguwar bakin teku a nan ƙasar Larabawa, sunan da ta gina da yatsunta tun kafin in san ta. Na uku mutuncina a wurin Baffa Musa, ƙanin mahaifina, wanda ya rene ni bayan rasuwar iyayena, ya kuma karɓa mini aure. Na so in tsira da ukun duka, bai yiwu ba. Ina rubuta wannan ne saboda na san kun sha jin tsofaffi a wurin biki suna ce mini Bakur Ci-da-suruka, kuna sunkuyar da kai kamar ba ku ji ba. Ɗayanku ma ya taɓa fasa wa ɗan mutane baki a makaranta a kan wannan suna. To ba sharri aka yi mini ba. Na ci ɗin. Ga yadda aka yi.

Sana'ata ta farko ruwa ce. Ni saƙƙa ne, abin da mutanen ƙasar iyayenmu ke kira ga-ruwa: sanda a kafaɗa, garwa biyu, in ɗebo a famfon unguwa in hau da shi benayen Balad, wato tsohon gari. Da na ga kafaɗa ba za ta kai ni tsufa ba, na daure na sayi jaki da amalanke da duro, na yi aure, na kafa ɗakin kwano da katako a bayan gari inda 'yan uwanmu ke zaune. A zafi guda jakin ya kumbura ya mutu, aka kuma zo fitar da titi, ɗakina ya faɗo a tsakiyar hanya. Uwarku na da ciki. Baffa Musa yana da shagon gawayi a unguwar Ammariyya, ya ce in koma can in riƙa kwana a shago, ita kuma ta tafi wurin uwarta. Na san shagon nan, a cikinsa na girma. Wanda ya shige shi zai sami ci da sutura, amma ba zai sami ɗaki ba. Ana cikin haka Hajja Batula ta aiko cewa akwai rumfa a bakin ƙofarta inda marigayi mijinta ke ajiye kayan kamun kifi, in ina so in raɓa kafin Allah ya buɗa. Na ce wa Baffa na 'yan kwanaki ne. Ya dube ni ya ce kwana ɗaya ma a gidan suruka ya yi yawa, amma ya ƙyale ni.

Ku da kuka tashi kuna shan shayi da surukanku a falo ɗaya ba za ku gane nauyin abin ba sai na warware muku. A tarbiyyar da aka yi mana, namiji ba ya haɗa ido da uwar matarsa, ba ya kiran sunanta, ba ya ci ba ya sha inda za ta gan shi. In ya hango ta a lungu sai ya sake lungu, in babu wani lungun ya tuɓe takalmi ya durƙusa har ta wuce. Hajja kuwa Bahaushiyar Sudan ce, daga wancan gefen teku mijinta ya ƙetaro da ita, kuma su nasu ya ma fi namu tsanani. To ga ni a rumfar ƙofarta, tsakanina da tsakar gida labulen buhu ne kawai. Kafin in shiga sai na yi gyaran murya, in saurari takalminta har ta shige ɗaki. Abincina ta ƙarƙashin buhun uwarku ke turo mini, in juya baya in ci a hankali kada a ji motsin bakina. Wata safiya na shiga bayan gida, ban sani ba Hajja ta fito ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta hau aikinta. Fita ta gagara. Ina tsaye cikin wari da ƙuda da zafin kwano har rana ta take, sai da uwarku ta lura butata ba ta nan. Na ji tana ce wa uwarta:

"Yumma, ki ɗan shiga ciki mana, rana ta yi miki yawa."

"Ni rana ba ta dame ni ba. In akwai wanda ta dama, ya yi tari a sani."

Ban yi tarin ba. Ta dai tattara kayanta ta shiga, ina jin tana dariya ƙasa-ƙasa.

Aikin da take yi a kan tabarmar nan shi ne ɗaurin risha. Risha gashin tsuntsu ne da Larabci, kuma haka masunta ke kiran ƙugiyar da aka tufatar da farin gashin zakara, da 'yar darma a ka, da jan zare a wuya. Idan kwalekwale na tafiya ana jan ta a baya, sai ta riƙa walƙiya cikin ruwa kamar ƙaramin kifi mai gudun tsira, dirak ya biyo ta ya haɗiye. Dirak kuwa shi ne kifin da masunci ke jira duk shekara, da sanyi yake shigowa. Mijinta ne ya koya mata, da ya rasu da wannan ta ciyar da uwarku. Masunta ta rumfata suke tsayawa su yi sallama, kowa risha Hajja yake nema, ita kuwa idonta ya fara ja baya, abin da take ɗaurawa a wuni bai kai rabin abin da ake nema ba. Ni ban san teku ba, amma na san kasuwa. Mutane su zo da niyyar saye a mayar da su hannu rabbana, wannan ba sai an yi karatu ba. Ga shi kuma na san lungun masu kaji a Balad, ni ke kai musu ruwa a da, farin gashi sharewa suke su zubar. Na ce wa uwarku ta roƙar mini Hajja ta koya mini. Ta shiga ta dawo tana danne dariya.

"Ta ce wai mai jaki ne zai ɗaura risha?"

"Ki ce mata jakin ne ya mutu, hannun yana nan."

Aka kafa makaranta irin wadda ban taɓa jin labarinta ba. Hajja a tsakar gida, ni a rumfa, buhu a tsakani, uwarku da tsohon cikinta a bakin labule tana kai saƙo tana kawowa. Muryar Hajja tar nake jin ta, amma ba da ni take ba.

"Sa'adiyya, gaya wa mutumin nan ya zaɓi gashin wuya, ba na wutsiya ba."

"Ta ce ka zaɓi na wuya."

"Na ji. Tambaye ta guda nawa."

"Yumma, wai guda nawa?"

"Gaya masa ba ƙirgawa ake ba, gani ake."

Uwarku ba ta taɓa ɗaura ko ɗaya ba, ƙarnin kifi tayar mata da zuciya yake tun tana yarinya, saboda haka magana take kawo mini wadda ita kanta ba ta san ma'anarta ba. Hajja takan turo mini tata risha ta ƙarƙashin buhu in duba. In juya ta, in sa reza in yanka don in ga cikinta, da na yanka sai zaren ya warware gaba ɗaya, ban taɓa gano inda bakinsa ya shige ba. Na riƙa ƙulle tawa yadda ake ƙulle bakin buhu, in datse saura. Na kuma lura gashin tata a rufe yake luf, nawa kuwa kowane da inda ya nufa. Tambayoyin nan biyu suna raina. Amma ka tambayi tsohuwar da ke ciyar da kai sau ɗaya, sau biyu, ta bakin mace mai ciki da ke tashi da ƙyar, na uku nauyi gare shi. Na ce na gane. Na tura mata wadda na fi ji da ita, ta jujjuya ta, na ji ta ce:

"Gaya masa ta yi kyau a ido. A kai ta ruwa tukuna."

Ban kai ta ruwa ba, domin a makon nan sanyi ya shigo, aka ce an ga dirak. Akwai wani Balarabe, Nakhuda Salim, mai babban kwalekwale da mutane a ƙarƙashinsa, tsohon abokin mijin Hajja. Ya zo nema, ta ce babu, sai wani mako. Na bi shi lungu na warware masa tsumman da na naɗe nawa a ciki.

"Na Hajja ne?"

"Nawa ne, ya Nakhuda. Amma a gidanta na koya, daga bakinta."

"In daga gidan Hajja ne, halas. Gobe ka zo mu tafi tare, ka ga yadda 'ya'yanka ke iyo."

Muna idar da asuba muka tashi. Ban taɓa shiga teku ba sai ranar, kuma tun kafin gidajen Ruwais su ɓace na amayar da abin da ke cikina. Da hantsi muka iske tsuntsaye na shawagi suna faɗawa ruwa, ga kwalekwale huɗu ko biyar a wurin, kowa ya saki igiya. Mu ma aka saki namu. Na leƙa da jirina na ga abin da har yau nakan gani in na rufe ido. Rishata ba iyo take ba, juyawa take kamar mazari. Tana juyawa tana murɗe igiya, igiya na cukurkuɗewa, mutanen Nakhuda na warwara suna tsaki. Sau ɗaya kifi ya kai cafka, aka ji nauyi, aka ja, sai ga ƙugiya tsirara, gashin ya zame ya bi ruwa. A gefenmu ana ta ɗago dirak masu tsawon hannu, muna jin kabbararsu. Aka sake wata risha, aka sake wata, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Nakhuda Salim bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Har muka dawo gaɓa bai dube ni ba, mutanensa kuma kowanne da gidan da ke jiran kifi.

A gaɓa ya tattara ƙugiyoyin a hannu ya nufi gidan Hajja, ina biye da shi, rigata jiƙe tana warin amai. Ya tsaya a rumfata ya ɗaga murya yadda duk lungun zai ji.

"Ya Hajja! Shekara nawa ina cin kifi da hannunki? Yau iska na kamo. In ido ya tafi ki ce ya tafi, mu nemi wani wuri. Amma kada a ba mu aikin saƙƙa da sunanki."

Ya watsa ƙugiyoyin ta ƙarƙashin buhu ya tafi. Na durƙusa na fara naɗe tabarmata, na yanke shawara Ammariyya zan nufa, gawayin ya fi mini wannan. Sai na ji muryarta.

"Sa'adiyya, cire buhun nan."

"Yumma?"

"Na ce ki cire. Ko sai na taso?"

Uwarku ta kwance igiyar, buhun ya faɗi ƙasa. Na tsinci kaina a tsugune, goshina ya kusa taɓa ƙasa, babu komai tsakanina da tsakar gida. A ranar ta fara yi mini magana kai tsaye.

"Matso."

Na matsa kaɗan.

"Matso na ce. Ƙasa ba ta ɗaura risha, ka daina kallonta. Hannuna za ka kalla. Fuskata ba ruwanka da ita, ni ma ba ruwana da taka."

Ta janyo mayafinta ya rufe mata fuska, ta bar 'yar kafar da za ta ga aikinta. Na ɗago idona daidai gwiwarta na tsayar da shi nan. Hannuwa ne busassu, da tsohon lalle a kan farce, da tabo a babban yatsa inda ƙugiya ta taɓa shiga, ƙaramin yatsan hagu kuma a tanƙware yake ba ya miƙewa. Ta ja zare a cikin kakin zuma, ta fara naɗe ƙarfen ƙugiyar shi kaɗai tun ba a kawo gashi ba, don gashin ya sami abin kamawa. Ni a kan ƙarfe mai santsi nake ɗora nawa. Ta ɗauki gashi ɗaya ta shigar ƙarƙashin mayafi ta goga a leɓenta, domin leɓen ya fi idon gani a lokacin. Ashe kowane gashi yana da ciki da baya, kuma na gefen dama na zakara da na gefen hagu ba waje ɗaya suke lanƙwasa ba. Ta haɗa na dama da na hagu ciki da ciki, suka rufe kamar tafin hannu biyu. In aka ɗaura na gefe ɗaya kaɗai, dole ta yi juyin mazari. Da ta zo ƙarshe sai ta ninka wani guntun zare biyu ta kwantar a kan ɗaurin, ta yi naɗi a kansa, ta zura bakin zaren cikin ninkin, ta fizge. Bakin zaren ya shige ƙarƙashin naɗin ya ɓace, babu ƙulli babu alama. Abin da na yi makonni ina nema da reza ke nan, bai fi ƙiftawar ido ba. Ba abu ne da baki zai iya faɗa ba, ko da bakin ya so. Ta tura mini ƙugiya ta ce in yi. Na haɗa gashi baya da baya, ta ɗauki cokali ta ƙwanƙwasa mini yatsa kamar ɗan yaye.

Haka muka ci gaba, buhu a ninke a gefe. Da azahar nakan tashi in koma lungun rumfa in juya baya in ci abincina, in daɗe ina wanke hannu don in huta da kunya. Wata rana na yunƙura zan tashi ta ce:

"Idona daga hantsi zuwa la'asar yake aiki. Kai kuma kullum sai ka cinye mini tsakiyar rana kana ɓuya da shinkafa. Sa'adiyya, ajiye tiren nan a nan."

Uwarku ta tsaya da tire a hannu tana dubana, ni ina duban ƙasa. Ta ajiye. Shinkafa ce da kifi. Hajja ta sa hannu ta gefenta tana kai loma ƙarƙashin mayafi, ni ma na sa ta nawa gefen. Lomar farko a wuya ta tsaya mini. Ina cikin dunƙula wata sai na ji sallama, kuma babu labulen da zai tare idon mai sallamar. Baffa Musa ne da sandarsa. Labarin teku ya kai masa har Ammariyya, ya zo ya ga halin da nake ciki.

"Abubakar."

Shi kaɗai ke kirana da cikakken sunana.

"Na'am, Baffa."

"Hannunka ne wancan a cikin tire?"

Na rasa inda zan sa hannun. In na cire, shinkafa na manne a jiki, in na bari, ga shi a ciki.

"Da ƙafa muka zo ƙasar nan, ni da ubanka. Mun ci ganye a hanya, mun yi dako, mun kwana a masallatai. Ba mu yar da abin da muka zo da shi ba, domin shi kaɗai muka zo da shi. Tashi ka wanke hannu ka biyo ni. Shago yana nan, tabarma tana nan. Yarinya ta haihu a gaban uwarta kamar kowace 'ya, in Allah ya hore a nemi ɗaki."

Hajja ta juya ta fuskanci bango.

"Sa'adiyya, ki gaida baƙo. Ki ce masa ni na sa a cire buhun, ni na sa a ajiye tire. In da laifi nawa ne."

"Ba da mata nake magana ba," in ji Baffa. Ya fita ya tsaya a lungu yana jirana.

Ina so ku fahimci cewa a wurina Baffa bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Duk abin da ya ce, haka ni ma na yarda, jikina ma ya fi shi yarda, gumi ne ke bin bayana. Amma na auna. In na bi shi, na san ƙarshen hanyar: uwarku za ta yi arba'in, ta yi wani arba'in ɗin, tana nan a ɗakin uwarta, ni ina kan buhunan gawayi. Ga kuma ƙugiyoyin Nakhuda Salim a cikin kwano a gaban tsohuwar da ta tuɓe nata mutuncin a gabana don ta ceci sana'arta. Na wanke hannu na fita, na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Baffa, ka yi mini haƙuri zuwa ƙarshen sanyi. Na ɓata sunan baiwar Allah nan, sai na gyara shi."

"Naka sunan fa?"

Ya daɗe yana kallon ƙeyata.

"To. Koma, abincinka zai huce."

Kafin Juma'a sunan nan da kuka sani ya zagaya daga Ruwais har Ammariyya. Ban san wanda ya raɗa shi ba, ba na kuma zargin Baffa, shi ba mai yawan magana ba ne, lungun dai yana da tagogi. Hajja ma ba ta tsira ba. Uwarku ta gaya mini sun je wani suna, mata suka riƙa zamewa daga tabarmarta ɗaya bayan ɗaya, wata ta tambaye ta ko yanzu ita ke ɗaura wa surukin nata zani. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Abin da ta ce kawai, ba za a ƙara fitar da risha daga gidanta ba sai ta sha ruwa. Saboda haka kullum da la'asar nakan naɗe wando in shiga bakin teku iya gwiwa, in ɗaura risha a igiya in yi ta tafiya ina jan ta ina waiwaye, in ga ko tana tafiya sak ko tana juyi. Masunta na zaune a gaɓa suna gyaran raga suna yi mini kirari.

"Yalla ya saƙƙa! Ja jakinka, kada ya nutse!"

Nakhuda Salim na cikinsu, amma shi ba ya dariya. Wata la'asar ya taso ya shigo ruwan da zaninsa, ya karɓi igiyar a hannuna ya ja da kansa, ya je ya dawo. Ya ɗago rishar ya kama gashin ya fizga da ƙarfi, bai zame ba. Ya nemi ƙulli bai gani ba. Ya kwance ta ya soke a rawaninsa ya tafi. Washegari da yamma wani daga cikin mutanensa ya ajiye dirak guda a ƙofar gida, ya ɗaga murya ya ce Nakhuda na gaida Hajja, kuma yana son duk abin da aka ɗaura a makon. Da na shiga na zauna a inda na saba, na miƙa mata wadda na gama, ta shigar ƙarƙashin mayafi ta goga a leɓe, ta ja gashin, ta lalubi wuyan. Ta ajiye ta cikin nata.

"Sa'adiyya, mayar da buhun."

Aka mayar. Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta ƙara yi mini magana kai tsaye ba, ban ƙara cin ko dabino a gabanta ba. In mun haɗu a lungu, tuɓe takalmi nake in durƙusa kamar ba a taɓa yin komai ba.

Kafin sanyi ya fita na kama ɗaki a bayan masallacin masunta, mai ƙofar katako da sakata. Aka haifi yayanku a gidan kakarsa kamar yadda ake yi, ni kuma a ɗakina nake kwana, ba a rumfa ba. Na je da kaina na gaya wa Baffa. Ya aiko da ragon suna da buhun gawayi na ruwan jego, amma bai zo ba. Sunansa na sa wa yaron, shi ya sa ba ku taɓa jin na kira yayanku da sunan yanka ba. Da aka gaya masa ya ce Allah ya raya, bai ƙara komai ba. Ranar arba'in mata suka rako uwarku da jariri har ƙofata, na buɗe musu da hannuna.

Sauran kun sani. Daga tabarma na koma tebur a bakin kasuwar kifi, daga tebur na koma shago. Da igiyar roba da ƙugiyoyin ƙarfe masu walƙiya suka fara shigowa daga waje, na ga inda iska ta dosa, na riga kowa ajiye su. Risha ta mutu, amma masuntan da ta kawo mini ba su tafi ba, 'ya'yansu ne ke saye a wurinku yau. Baffa kuwa ban fasa gaishe shi ba duk Juma'a. Yakan amsa, ya tambayi yara ɗaya ɗaya. Amma in aka kawo abinci, shi da 'ya'yansa su kewaye akushi, ni sai ya ce a zuba mini a kwano dabam. Ina da shago, ina da mota, ina da furfura, ina zaune a gefe da kwanona kamar baƙo. A ciwonsa na ajali ni na kai shi asibiti, ni na yi jinyarsa. Ruwa yakan karɓa a hannuna. Da na miƙa masa cokalin kunu sai ya kau da kai ya kira ɗansa.

Bara ƙanwarku Maryam ta tsinci wani ɗan hoto cikin tsofaffin kayan uwarku, ta kai aka ƙara masa girma aka sa a gilashi, ta kawo mini da murnarta.

"Baba, ka gane wannan?"

Na duba na ga wata tsohuwa mai faɗin goshi da tsage a kumatu. Na ce ban gane ta ba. Maryam ta ce lallai a sake mini tabarau, wai Hajja ce. Ba tabarau ba ne. Ban taɓa kallon fuskar matar nan ba. Da hannunta aka ɗauka, da tun daga ƙofa zan gane ta.

To ga lissafin, kuma na sha yin sa. Ɗaki na samu, daga shi duk gidajen da kuke ciki suka fito. Sunan Hajja ya dawo, har ta rasu masunta risha Hajja suke cewa, ko da ni na ɗaura. Akushin Baffa na rasa, ban kuma sake sa hannu a cikinsa ba. A kasuwa in ka sami biyu ka rasa ɗaya sai a ce ka ci riba, haka ni ma nake gaya wa kaina. Amma har yau in aka ajiye mini shinkafa da kifi, lomar farko sai na kora ta da ruwa.